Na bi sawun koci Kasperczak har garinsu

Ba ƙwallo ce ta kai ni Polan ba. Ɗan yayana ne ya gama karatunsa a Krakow, babansa kuma ciwon ƙafa ya hana shi doguwar tafiya, sai 'yan uwa suka ce ni in je in tsaya a madadinsa ranar da yaron zai kare aikinsa gaban malamai, kar a ce ya gama ba wani nasa a wurin. Watan Oktoba ne na 2023. Amma gaskiya tun ranar da biza ta fito akwai wani suna da ya dinga dawo min a rai, Henryk Kasperczak, na ce in Allah ya sauke ni lafiya sai na ga inda mutumin nan ya fito ko da kwana biyu zan cire a cikin kwanakina.

Yaran yanzu ƙila ba su ma taɓa jin sunan ba, to bari in faɗi inda na san shi. Afrilun 1994 ne ana kofin Afirka a Tunisiya, ina ɗan shekara sha huɗu a Tudun Wadan Kaduna. Ranar semi-fainal ɗin Najeriya da Kwaddibuwa maƙocinmu ya fito da talabijin ɗinsa ƙofar gida ya ɗora kan benci, layinmu kaf ya hallara, babanmu Allah ya jiƙansa ya dawo daga masaƙa a Kakuri ko kayan aiki bai cire ba ya zauna da rediyonsa a kunne, don shi hoto kaɗai ba ya isarsa sai ya haɗa da sharhi. Kwaddibuwa su ke riƙe da kofin tun 1992, kuma wallahi ranar sun ba mu wuya, sau biyu Michel Bassole yana saka su gaba, Ben Iroha ya farke ta farko Yekini ya farke ta biyu, duk wannan kafin a tafi hutun rabin lokaci, daga nan wasa ya kulle har ƙarin lokaci ya ƙare, sai a fenariti muka sha da ƙyar 4-2. Duk sanda kyamara ta juya bencinsu sai a nuno kocinsu Kasperczak, wani bature yana tsaye, babanmu ya nuna shi da baki ya ce, "Wancan ya san aikinsa, ku dubi yanda ya toshe mana tsakiya." Ni lokacin Amokachi kawai nake kallo, ɗan garinmu, amma maganar ta zauna min. Tun daga ranar duk kofin Afirka sai na duba benci in ga ko yana nan, kuma sau da yawa yana nan ɗin, rigar ce kawai take canzawa.

Sanyi ne ya fara tarbata a Krakow, irin mai shiga ƙashi ga yayyafi a kai, yaron ya zo min da wata ƙatuwar jaket ta aro. A hanya cikin taragon lantarki na faɗi sunan kocin, ya ce, "Baffa, ku ce Kaspercak, wannan cz ɗin tasu c ɗinmu ce, kamar a ci." Haka ya gyara min Wisla ma, wai Viswa ake cewa, sunan kogin da ya ratsa garin ne kulob ɗin ya ɗauka. Shi ba ruwansa da ƙwallon Polan, Firimiya kawai yake kallo a waya, amma ya ce mai gidan da yake haya ɗan gani-kashe-nin Wisla ne, in na yi haƙuri a gama hidimar makaranta zai haɗa mu.

An yi hidima lafiya, yaro ya fitar da mu kunya, na kira babansa a bidiyo yana hawaye. Washegari muka zaga tsakiyar gari, babban dandalin nan mai tsohuwar kasuwar tufafi a tsakiya, da majami'ar da ake busa ƙaho daga hasumiyarta duk awa ɗaya sai busar ta yanke tsam a tsakiya. Muka sayi burodin nan mai kama da zobe da ake sayarwa a 'yan kekuna masu gilashi, obwarzanek suke ce masa, an barbaɗa masa riɗi, shi na dinga ci kusan duk kwanakina don da shi hankalina ya fi kwanciya, a garin nan abinci sai ka tambaya ka sake tambaya saboda naman alade. Daga nan muka taka a ƙafa zuwa Blonia, wani makeken fili ne na ciyawa a cikin gari ba gini ko ɗaya a kansa, masu gudu da masu yawo da karnuka sai kai-komo suke. A gefe ɗaya filin Wisla yake, kan titin Reymonta, a ɗaya gefen filin Cracovia, kana tsaye a ciyawar kana hango duka biyun. Duk a 1906 aka kafa su, kuma gabar da ke tsakaninsu ba wasa ba ce, yaron ya ja min kunne kar in kuskura in ɗaura gyalen kulob ɗaya in shiga unguwar da ban sani ba. Filin na Wisla da na gani ba shi ne na zamanin Kasperczak na farko ba, an sake gina shi sashe-sashe bayan nan, yanzu yana ɗaukar mutum wajen dubu talatin da uku, kulob ɗin kuwa lokacin da na je yana rukuni na biyu, ya faɗo tun 2022. Na tsaya na daɗe ina kallon farin tauraron da ke tambarinsu.

Da yamma muka sauka wurin mai gidan. Dattijo ne ya haura saba'in, tsohon direban taragon gari, matarsa ta rasu, shi kaɗai yake a hawan ƙasa. Ya sa muka cire takalma ya ba mu silifas, ya kawo shayi a kofin gilashi da yankan lemun tsami ba madara. Yaron ya gaya masa abun da ya kawo ni, da ya ji sunan sai ya ɗaga gira ya ce "Henri", haka suke kiransa a can da lafazin Faransanci saboda daɗewar da ya yi a Faransa. Ya shiga ɗaki ya fito da wani gwangwanin biskit da fentinsa ya koɗe, ya buɗe, tikitocin wasa ne cike an ɗaure su da roba shekara-shekara. Ya zaro ɗaurin 2002 ya baje a tebur, yana ɗaga kowanne da yatsa biyu kamar mai tsoron kar ya yage, yana magana yaron yana fassara min har shayinsa ya huce bai sha ba.

Ga abun da ya sa suke ji da shi. Kasperczak ya karɓi Wisla a farkon 2002, lokacin kulob ɗin yana hannun wani attajiri mai kamfanin wayoyin lantarki, Boguslaw Cupial, akwai kuɗi akwai 'yan wasa amma in an fita Turai ba a zuwa ko'ina. A kakar 2002 zuwa 2003 ta kofin UEFA aka haɗa su da Parma ta Italiya mai Adriano da Mutu a gaba, aka ci su 2-1 a can, aka dawo Krakow Adriano ya sake jefa musu ɗaya tun farkon wasa, kowa ya ce shi kenan, sai ga shi an tashi 4-1 bayan ƙarin lokaci Wisla ta wuce. Dattijon ya ce shi a daren nan muryarsa ta dishe kwana uku ba ya iya magana sosai. Zagaye na gaba Schalke ta Jamus, aka yi 1-1 a Krakow, suka bi su har Gelsenkirchen suka zuba musu 4-1 a gaban mutanensu. Sai Lazio ta Roberto Mancini, aka yi 3-3 a Rum, a Krakow sai da aka ɗage wasan saboda fili ya daskare, da aka zo aka buga Wisla ta fara ci amma Lazio ta juya shi 2-1, a nan tafiyar ta tsaya. Yana kiran sunayen 'yan wasan kamar 'ya'yansa, Zurawski, Kosowski, Kuzba, sai kawai ya nuna ni da yatsa ya ce "Kalu Uche!" Nan na miƙe zaune sosai. Kalu Uche namu na Aba, yayan Ikechukwu, Kalun da ya ci mana ƙwallo biyu a kofin duniya na 2010, ashe a nan ya fara suna, yana cikin waɗanda suka ci Schalke a gidanta, ya kuma ci Lazio a Rum. Dattijon ya ce Henri ya san yanda ake tafiya da yaron, ya ba shi dama a gefen dama ya bar shi ya yi abunsa. Wisla ta ci lig a 2003 da 2004 a hannunsa, da kofin ƙasar a 2002 da 2003.

Na tambaye shi to me ya raba su. Ya ɗaga kafaɗa. Mai kulob gasar zakarun Turai yake so, a 2003 Anderlecht ta tare su a wasan share fage, a 2004 Real Madrid, sannan Dinamo Tbilisi ta fitar da su daga UEFA, kafin shekarar ta ƙare an rabu. Ya sake dawowa a 2010 bai yi wata shida ba Qarabag ta Azarbaijan ta fitar da su aka sake sallamarsa. Na ce to Afirka fa, me ya sani na aikinsa a can? Ya yi shiru yana tunani, ya ce ya san dai ya kai Tunisiya kofin duniya a 1998. Iyakar abun da ya sani kenan. Abun ya tsaya min a rai, don ni ma kafin wannan zaman ban san komai a kan daren Parma ba, mutum ɗaya ne amma shi yana riƙe da rabinsa ni ina riƙe da rabi.

Kwana biyu bayan nan muka hau jirgin ƙasa zuwa Zabrze, ta Katowice ake bi. Wannan yankin shi ne Silesiya, ƙasar kwal da ƙarfe, tun daga taga kake ganin dogayen bututun hayaƙi da hasumiyoyin rijiyar kwal da gidajen jan bulo da hayaƙi ya dafar da su. A nan aka haifi Kasperczak ranar 10 ga Yulin 1946, shekara ɗaya kacal bayan yaƙin duniya na biyu, garin ma kafin 1945 a cikin Jamus yake da sunan Hindenburg. Na so in ga irin rayuwar da ta gina garin, sai muka shiga mahaƙar Guido, tsohuwar mahaƙa ce tun 1855 da aka mayar wurin ziyara. Aka ba mu hular kwano, aka cusa mu cikin kejin ƙarfen da ma'aikata ke sauka da shi, aka ja ƙofa, sai ƙasa, mita 320. Iska mai ɗanshi tana bugun fuska, kunne yana toshewa, ba wanda ya yi magana har muka tsaya. A ƙasan mai zagayawa da mu ya kunna wata injin yankan kwal na ɗan lokaci, ƙarar har cikin haƙora, ya kashe, sannan ya ce kowa ya kashe fitila. Duhun da na gani a wurin ban taɓa ganin irinsa ba, hannunka a gaban idonka ba ka ganinsa. Babanmu na tuna, yanda yake dawowa daga masaƙa da auduga a gashin kai yana magana da ƙarfi don ƙarar inji ta cinye masa kunne.

Babban kulob ɗin garin Gornik ne, ma'anar sunan ma mahaƙi, sun ci lig ɗin Polan sau 14, sun je fainal na kofin Turai na masu riƙe da kofi a 1970 Manchester City ta ci su 2-1 a Vienna, lokacin da na je Lukas Podolski ne tauraronsu. Abun mamaki Kasperczak bai taɓa buga wa Gornik ba, a wani ƙaramin kulob na garin ya taso, Stal Zabrze, daga nan ya bar gari. Sai yana da shekara 62 ya dawo a matsayin koci a 2008, bayan ya bar Senegal, kuma a hannunsa Gornik ta faɗa rukuni na biyu a 2009. A wani shagon kebab kusa da filinsu yaron ya tambayi wani magidanci da ke cin abinci kusa da mu, mutumin ya ajiye cokali ya girgiza kai ya ce su dai a nan faɗuwar nan suke tunawa. Ban ji daɗi ba amma ban ga laifinsa ba, wanda aka ci kulob ɗinsa shi ya san zafin. Garin da aka binne cibiyarka a ce nan ne sunanka ya fi nauyin faɗa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Mielec kuwa a bas muka je, wajen awa biyu gabas da Krakow, gonaki da dazuzzuka da ganyensu ya koma ja da rawaya. Ƙaramin gari ne mai tsit, mutanensa ba su wuce dubu sittin ba, ba wani abun kallo da zai kai baƙo can, kuma shi ne ya fi kwanta min a duk tafiyar. Garin masana'antar jirgin sama ne, a zamanin kwaminisanci sun ƙera jirgin nan mai fiffike biyu An-2 sama da dubu goma, yanzu kamfanin yana hannun Amurkawa suna haɗa helikwafta Black Hawk. Kulob ɗin garin, Stal Mielec, na masana'antar ne, ita ke ɗaukar nauyinsa, kamar yanda a Kaduna muka taso muka ji labarin DIC Bees ta masana'antar makamai kafin ta koma Ranchers Bees. A nan Kasperczak ya yi kusan duk ƙwallonsa in ka cire shekara biyun da aikin soja ya kai shi Legia a Warsaw, ɗan wasan tsakiya ne, tare da Grzegorz Lato da Jan Domarski. Wannan ɗan garin ya ci lig ɗin Polan a 1973 da 1976, ya kai kwata-fainal na kofin UEFA a 1976, har Real Madrid ta taɓa zuwa nan buga wasa. Na tsaya a bakin filinsu, wasu yara da jesi fari da shuɗi suna fitowa daga atisaye iyayensu na jiransu a mota, ina ta lissafa yanda Real Madrid za ta sauka a irin wannan wuri.

A makon da muke can ake cika shekara hamsin da wasan Wembley na 17 ga Oktoban 1973, wanda Polan ta riƙe Ingila 1-1 ta hana ta zuwa kofin duniya, Lato ya ba Domarski ya ci, golansu Tomaszewski ya dinga kaɗe ƙwallaye kamar ba gobe, Kasperczak yana tsakiya. A kofin duniyar na 1974 a Jamus ta Yamma, ƙarƙashin koci Kazimierz Gorski, sun ci Ajantina 3-2, Haiti 7-0, Italiya 2-1, kuma ƙwallaye biyun nan na Italiya, na Szarmach da ka da na Deyna, duk daga ƙafar Kasperczak suka fito. Dattijon Krakow ya riga ya ba ni labarin wasan da ya hana su fainal, a Frankfurt da masu masaukin baƙi, an tafka ruwa fili ya zama tafki har da 'yan kwana-kwana ana zuƙe ruwa, Polan da gudu take wasa ƙwallo kuma ta ƙi gudu, Gerd Muller ya ci ɗaya. Ya ce a talabijin marar kala suka kalla, gidansu cike da maƙwabta. Suka ci Brazil 1-0 suka zo na uku, Lato ya fi kowa ƙwallaye da bakwai. Kasperczak ya ƙara da azurfa a Olamfik na 1976, ya je kofin duniya na 1978, ya buga wa ƙasarsa wasa 61. A lokacin hukuma ba ta barin ɗan wasa ya fita waje sai ya kai talatin, shi sai yana 32 ya tafi Metz ta Faransa, ƙafa ta riga ta gaji, shekara ɗaya ya buga suka ba shi koci.

Faransa ban je ba don haka ba zan ja ta ba. Ya ci wa Metz kofin Faransa a 1984, ya dawo da Saint-Etienne rukunin farko, ya kai Racing ta Paris fainal a 1990, ya kai Montpellier kwata-fainal a Turai a 1991 da Laurent Blanc da Valderrama kafin Manchester United ta tsayar da su. Ku riƙe sunan Valderrama da Montpellier ɗin nan.

A bas ɗin dawowa ne muka yi musu da yaron, duhu ya riga ya shiga tun kafin shida. Ya gama duba wayarsa ya ce, "Baffa, ku yi haƙuri, amma mutumin nan sau bakwai yana zuwa kofin Afirka bai ci ko ɗaya ba, kuma ana ta kiransa ana ba shi aiki, da ɗan gida ne da tun na biyu an manta da shi." Ban iya ce masa ƙarya yake ba. A 2002 ma Najeriya ce ta ci Mali ta Kasperczak 1-0 a wasan neman na uku a Mopti, Yakubu ya ci, amma Amodu Shuaibu da ya kawo tagullar nan kuma ya samo mana tikitin kofin duniya, sallamarsa aka yi kafin a tafi. Shehata ya ci wa Masar uku a jere, Keshi ya ci mana a 2013, Belmadi a 2019, Aliou Cisse ya ci wa Senegal, duk 'yan gida. Wannan ciwon hukumomin ƙwallonmu ne, kuma yana min zafi kamar yanda yake masa.

Amma na ce masa ya raba laifin masu ɗauka da aikin wanda aka ɗauka. A 1994 ɗin nan da ya kai Kwaddibuwa na uku, Tunisiya ce mai masaukin baƙi kuma tun a rukuni aka yi waje da ita a gaban mutanenta. Wannan tawagar da ta sha kunya ya karɓa, cikin shekara biyu ya kai ta fainal a Afirka ta Kudu a 1996, shekarar da mu ba mu je ba, suka ci Zambiya 4-2 a semi, a fainal Mark Williams ya shigo daga benci ya ci su biyu Mandela yana kallo. Ya kai su kofin duniya na 1998, rabonsu da shi tun 1978. A can Ingila ta ci su 2-0 a Marseille, wasa na biyu da Kolombiya aka buga shi a Montpellier, filin da ya yi shekara biyu yana koci, kuma Valderrama ɗin da ya horar shi ya zura wa Preciado ƙwallon da aka ci su ana dab da tashi. Ba a bar shi ya ja wasa na uku ba, aka sallame shi gasa tana gudana, bayan shekara huɗu yana gini. Mali a 2002 da yara ya tafi, su Seydou Keita da Mahamadou Diarra, suka riƙe mu 0-0 a Bamako, suka fitar da Afirka ta Kudu, sai Kamaru ta tare su a semi. Senegal a 2008 ita ce ba ta yi kyau ba ko kaɗan, Angola ta ci su 3-1 a Tamale, shi da kansa ya ajiye aikin tun ba a gama rukuni ba.

Wanda ya fi tsaya min shi ne 2015 a Ikwatoriyal Gini. Ya koma Mali, Keita da ya sani yana yaro yanzu shi ne kyaftin. Suka yi 1-1 da Kamaru, 1-1 da Kwaddibuwa, 1-1 da Gini, ita ma Gini haka sakamakonta yake sak, maki daidai ƙwallaye daidai. Washegari a wani otal a Malabo aka jefa ƙuri'a aka zaro Gini. Ba a ci su wasa ko ɗaya ba suka haɗa kaya. Dattijo mai shekara 68, ya bar gida ya yi wata da watanni yana shiri, a ce hannun wani a cikin kwano ne zai yanke masa hukunci. Duk da haka bai zauna ba, ya koma Tunisiya ya kai su kwata-fainal a Gabon a 2017, Burkina Faso ta ci su 2-0, yana da shekara saba'in. Tsakanin waɗannan ya taɓa Maroko da Dubai da Sin da Girka. Yaron ya ce to ai wannan yawo ne. Na ce eh yawo ne, amma Tunisiya sau biyu ta kira shi, Mali sau biyu, Wisla sau biyu, ba a sake kiran magini in katangar da ya yi ta farko ta rushe. Bai ce ya yarda ba, ni ma ban matsa masa ba, muka yi shiru har fitilun Krakow suka bayyana.

Daren da zan tafi na sauka yi wa dattijon sallama, na kai masa ɗan kilishin da ya rage cikin tsarabar da na zo da ita. Ya gutsura, yaji ya kama shi ya yi ta tari yana dariya yana neman ruwa, ya kuma sake gutsura. Na ba shi labarin ƙofar gidanmu a 1994, da talabijin a kan benci, da maganar babanmu, da ƙuri'ar Malabo, a nan ya dafe kai ya sa yaron ya maimaita masa don ya ɗauka fassarar ce ta kuskure. Sai ya tashi ya ɗauko biro da wata takardar kalanda ya juya bayanta ya tura wa yaron, ya ce a rubuta masa ƙasashen da shekarun. Ina faɗa yaron yana rubutawa da harshensu, Kwaddibuwa 1994 na uku, Tunisiya 1996 na biyu, 1998, Mali 2002 na huɗu, Senegal 2008, Mali 2015, Tunisiya 2017. Ya sa tabarau ya karanta a hankali yana bi da yatsa, ya ninke ta biyu, ya zare robar ɗaurin 2002 ya saka ta tsakanin tikitin Parma da na Schalke ya mayar da robar, ya rufe gwangwanin, sannan ya ɗora ruwan shayi na biyu.